Tsohon jirgin yaƙi a Damagaram: na ruwa, na tashi, ko na kallo?

Duk mai fili a bakin gari, ko hanyar Mirriya ko ta Tanut, da ke tunanin buɗe wurin shaƙatawa, ya san lilo da ƴan motocin yara sun daina jan kowa. Abin da zai sa magidanci ya kwaso iyali daga Magarya ko Matamai ranar yawon Sallah shi ne abin da yaransa ba su taɓa sa wa hannu ba. Ta nan ne maganar tsohon jirgin yaƙi ke shigowa hirar ƴan kasuwa, balle yanzu da kowa ke ganin tallarsu a waya: ga jirgin saman yaƙi samfurin MiG na sayarwa a Turai, ga jirgin ruwan Amurka da aka ce an sayar a kuɗin da bai kai na ashana ba. Tallar ba ƙarya ba ce, sai dai ta tara abubuwa uku da ba su da dangantaka a wuri guda. Akwai jirgin ruwan yaƙi, akwai jirgin saman da ake so ya sake tashi, akwai kuma jirgin saman da za a gyara a kafe don kallo. Kuɗin saye, wanda kowa ke fara tambaya, shi ne mafi ƙarancin amfani wajen zaɓe tsakaninsu. Abin da ke raba gardama shi ne: bayan ka biya, me zai riƙa ci duk shekara, kuma ran da ka gaji da shi, ta yaya za ku rabu?

Bari mu fara da na ruwa, tunda shi ne labarinsa ya fi daɗin ji. A 2021 rundunar ruwan Amurka ta sayar da manyan jiragenta biyu masu ɗaukar jiragen sama, Kitty Hawk da John F. Kennedy, kowane a kan santi 1 na dalar Amurka, ga wani kamfanin farfasa jirage da ke Brownsville a jihar Tekzas. Ba kyauta aka yi masa ba. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin jawo su da wargaza su da kwashe gubar da ke cikinsu, ribarsa tana cikin ƙarfen da zai sayar. Kitty Hawk ya fi mita 300 tsawo, mashigin Panama bai ɗauke shi ba, sai da aka ja shi aka zagaye Kudancin Amurka gaba ɗaya, tafiyar wata huɗu da ɗoriya a 2022. Ka ga santi 1 ɗin nan kuɗin karɓar wahala ne.

An samu waɗanda suka ci riba, amma dubi ko su wane ne. Attajirin Girka Aristotle Onassis ya sayi tsohon jirgin yaƙin Kanada mai suna Stormont a kan dalar Amurka dubu 34, sannan ya kashe kusan miliyan 4 kafin ya mai da shi jirgin shan iska da ya raɗa wa suna Christina. Gyara ya ninka saye fiye da sau 100. Na biyu shi ne Varyag, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa ba ta gama ba. A 1998 wani kamfani mai rajista a Makau ya saye shi daga Yukiren a kan dalar Amurka miliyan 20, wai zai mai da shi gidan caca a kan ruwa. Turkiyya ta hana shi ratsa mashigin Bosforos har zuwa Nuwamban 2001, daga nan aka ja shi aka zagaye Afirka, ya isa Dalian da ke ƙasar Sin a 2002. Gidan caca dai ba a gani ba. A 2012 ya fito a matsayin Liaoning, jirgin farko mai ɗaukar jiragen sama na rundunar ruwan Sin. Aljihun gwamnati ne ya gama wannan gyara, ba na ɗan kasuwa ba. Tun daga wannan ciniki kuma duk ƙasar da za ta sayar da tsohon jirgin yaƙi sai ta ƙara sa ido a kan mai saye.

Waɗanda aka mai da su gidan tarihi su ne suka fi kusa da abin da mai wurin shaƙatawa ke mafarki, kuma su ne suka fi ba da tsoro. Ƙarfe a cikin ruwa ba ya hutawa da tsatsa, ko jirgin na tafiya ko yana ɗaure. Jirgin Texas, wanda ya shiga aiki a 1914 ya koma abin kallo a 1948, ya kai lokacin da famfuna ke zuƙe ruwa daga cikinsa dare da rana don kada ya nutse, sai da majalisar jihar ta ware dalar Amurka miliyan 35 a 2019, aka fitar da shi daga ruwa a Galveston a 2022 aka sauya masa faifayen ƙarfen ƙasa. Jirgin The Sullivans da ke Buffalo a Amurka ya karkace ya fara nutsewa a inda yake ɗaure a Afrilun 2022. Minsk, tsohon jirgin Sobiyet da ya zama wurin wasa a Shenzhen ta ƙasar Sin a 2000, kamfaninsa ya karye a 2006, aka kai shi kogin Yangtze ya zauna yana ruɓewa, gobara ta cinye shi a Agustan 2024. Rabuwa da su ma wani tashin hankali ne. Faransa ta tura jirginta Clemenceau Indiya a ƙarshen 2005 don a farfasa, rigimar asbestos, wani abin kare zafi mai illa ga huhu, ta sa shugaba Jacques Chirac ya ce a dawo da shi a Fabrairun 2006, bai samu makwanci ba sai a Ingila a 2009. Ɗan'uwansa Foch, da Barazil ta saya ta sa wa suna São Paulo, Turkiyya ta ƙi karɓarsa a 2022, ya yi ta gantali a teku har sojan ruwan Barazil suka nutsar da shi da gangan a Fabrairun 2023.

Duk wannan a ƙasashen da ke bakin teku ke nan. Mu nan, garin da mata ke bin layin famfo da jarka tun asuba, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Abin da kawai zai yiwu shi ne a ɗora jirgi a kan tudu, kuma an taɓa yi: a gidan tarihin yaƙi na Umuahiya a Najeriya akwai NNS Bonny a kafe a ƙasa, mutane na shiga suna fita. A kan tudu tsatsa tana raguwa ƙwarai, matsalar kawowa ce. A 2024 gidan tarihin Sinsheim a Jamus ya ɗauko jirgin ƙarƙashin ruwa U17, mai nauyin tan 350 ko kusa, daga Speyer da ke maƙwabtaka da shi. Tafiyar ta ci kusan mako huɗu, ana karkata jirgin a gefe don ya wuce ƙarƙashin gadoji, aikin gaba ɗaya ya tasam ma yuro miliyan 2, wato sama da biliyan 1 na sefa. Tsakanin Zinder da teku mafi kusa ya fi kilomita 1,000. Iyakar abin da tirela za ta iya kawo mana shi ne ƙaramin jirgin sintiri mai mita 15 ko 20, shi kuwa in an ɗora shi a kan dakalin siminti, yaro zai dube shi ya ce kwalekwale ne babba. A ganina wannan zaɓi a ajiye shi.

Jirgin saman da zai sake tashi ya fi kusa da hankali, don akwai fararen hula da yawa a duniya da ke da shi. Wanda suka fi saye shi ne L-39 Albatros, jirgin koyar da matuƙa da kamfanin Aero Vodochody na tsohuwar Cekoslobakiya ya ƙera. Ya fara tashi a 1968, an yi sama da 2,800, kuma ba baƙo ba ne a yankinmu: sojan saman Najeriya na horar da matuƙa da shi a Kano, kilomita 240 ko kusa daga nan. Mai lafiya, mai cikakkun takardu, galibi yana tsakanin dalar Amurka dubu 200 da dubu 500, ƙasansa ke nan ya haura miliyan 100 na sefa. Akwai alhazai a Zango da suka zuba fiye da haka a tireloli, don haka kuɗin saye ba shi zai hana ba.

Amma duk wanda ya taɓa ajiye doki a garin nan ya san ranar saye ita ce ranar da ya fi araha. Dawa da harawa da kanwa da mai wanki su ne dokin. L-39 na shan kananzir na jirgi lita 500 zuwa 700 a awa guda. Injinsa, AI-25TL, akwai adadin awannin da in ya cika dole a sauke shi a kai garambawul, ko da yana aiki lafiya lau, kuma masana'antar da ta ƙera shi tana Zaporizhzhia, garin da ke shan luguden wuta tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022. Kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin haɗari tana aiki da albarushi, albarushin yana da wa'adi, kuma shigo da sabo tamkar shigo da makami ne a idon doka. Wasu masu jiragen kan kashe kujerar su tashi haka nan, ma'ana in injin ɗaya tilo ya mutu a sama sai dai a nemi fili a yi addu'a. Ƙara da makanike mai lasisi a kan wannan samfuri, wanda sai dai a ɗauko shi daga waje a biya masa jirgi da masauki, da rumfar ajiya a filin jirgi, da inshora. Jirgin da aka bari wata shida bai tashi ba kuma ba hutawa ya yi ba: robobi sun bushe, mai ya tsiyaye, sai an sake bin sa daga kai har wutsiya.

Wannan fa jirgin koyo ne, mai sauƙin kai. Wanda ya ce shi MiG-21 yake so ya tayar, wanda ke ninka gudun sauti biyu, ya sani cewa yana sauka da gudun da ya kai kilomita 300 a awa, mansa kan ƙare kafin awa ta cika in an matsa masa, kuma ko ƙwararrun matuƙan soja ya halaka da dama. Indiya, da ta daɗe da shi fiye da shekara 60, ta sallami na ƙarshe a Satumban 2025. Ga kuma abin da ya samu waɗanda suka fi mu kuɗi da ma'aikata. A Ingila wata ƙungiya ta tara miliyoyin fam ta tayar da jirgin Vulcan XH558 a 2007. A Oktoban 2015 ya yi saukar ƙarshe, ba don kuɗi ya ƙare ba, sai don kamfanonin da ke tsaya masa a fannin injiniya, ciki har da Rolls-Royce da BAE Systems, sun janye hannu. A Afirka ta Kudu, kamfanin Thunder City na Cape Town ya taɓa mallakar jiragen Lightning da Buccaneer da Hunter yana ɗaukar masu kuɗi yawo; a Nuwamban 2009 Lightning ɗaya ya faɗi a wajen wani bikin nuna jirage, kujerar ba ta fita ba, matuƙin ya rasu, kasuwar ba ta sake komawa yadda take ba. A Shoreham ta Ingila kuma, ranar 22 ga Agustan 2015, wani Hawker Hunter ya faɗo kan babbar hanya ya kashe mutum 11 waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai jirgi a nan ya tuna cewa unguwanni sun matso kusa da filin jirgin Zinder.

Ko an shawo kan duk waɗannan, saura takardu, kuma a nan ne maganar ke mutuwa. Amurka ba ta sayar wa mutum jirgin yaƙinta yana da rai. Bayan ta sallami F-14 a 2006, yawancinsu niƙe su ta yi don kada kayan gyara su faɗa hannun Iran. Gidauniyar Collings da ta tayar da F-4 Phantom sai da majalisar dokokin Amurka ta yi mata doka ta musamman. Kamfanonin da ka ji sun sayi da yawa, kamar ATAC da ya kwashi Mirage F1 guda 63 daga Faransa a 2017, ko Top Aces da ya sayi F-16 daga Isra'ila, kwangila suke yi da rundunonin soja, suna zama abokan gaba na wasa a wajen atisaye. Yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya, da ta fara aiki a Disamban 2014, ta ambaci jiragen yaƙi na sama da na ruwa ƙarara, kuma ƙasar da ke sayarwa za ta nemi takardar shaidar wanda kayan zai tsaya a hannunsa. Norwe ta sha kunya a 2014 da aka gano tsofaffin jiragen ruwanta na yaƙi, da aka sayar ta hannun wani kamfanin Ingila, sun ɓulla a hannun wani kamfani mai zaman kansa a Najeriya. Irin wannan ne ke sa jami'in da zai sa hannu a takardar Afirka ta Yamma ya yi ta juya biro. A gida kuma sai ANAC, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, ta yi rajista, sai ma'aikatar tsaro ta yarda. A halin tsaron da ƙasa ke ciki, ga dangantaka da ƙasashen Yamma ta yi tsami tun Yulin 2023, ban ga jami'in da zai bar farar hula ya riƙa shawagi da jirgin yaƙi kusa da iyaka da matatar SORAZ ba. Ni ma in ni ne a kujerar, ba zan sa hannu ba.

Saura na uku, jirgin da ba zai sake tashi ba. A nan ne kawai yanayin Damagaram ya koma gata. Babbar maƙabartar jiragen soja ta duniya tana sansanin Davis-Monthan a Tucson, jihar Arizona, inda dubban jirage ke jere a fili tun 1946. An zaɓi wurin saboda ƙarancin ruwan sama, da bushewar iska, da taurin ƙasa da ke ɗaukar nauyi ba tare da an zuba kwalta ba. Mu ma ruwanmu bai wuce milimita 400 ko kusa a shekara ba, cikin wata uku zuwa huɗu, sauran watanni iska a bushe take ƙayau. Jirgin da zai ruɓe a Legas ko Kwatano cikin ƴan shekaru, a nan zai iya ganin jikoki. Ba ruwanka da kananzir, ba ruwanka da matuƙi, injin ma in babu shi ya fi, don farashi da nauyi da tambayoyin hukuma duk suna raguwa. Garin da Sarki Tanimun ya sa maƙera suka zuba igwa a ƙarni na 19 ba baƙo ba ne ga kallon kayan yaƙi.

Sai dai a cikin na kallon ma akwai zaɓi. MiG-21 ya fi kowa kwarjini: hanci buɗe da tsini a tsakiya, fukafukai masu kusurwa uku, ko yaro ya gan shi ya san na faɗa ne. An ƙera sama da 11,000, Najeriya da Mali duk sun yi amfani da shi, Romaniya ta ajiye nata a 2023, Kuroshiya a 2024, don haka gangar jikinsa ba ta yi wuya a Gabashin Turai ba. Aibinsa biyu: tsawonsa ya kai mita 14 zuwa 15, ya fi ƙarfin kwantena mai ƙafa 40 sai an raba shi gida-gida, nauyinsa ya haura tan 5, kuma sunansa kaɗai yana tayar da hankalin jami'in kan iyaka. L-39 tsawonsa mita 12 da ɗan kai, fukafukai mita 9 da rabi, nauyi tan 3 da rabi. Ana cire masa wutsiya da fukafukai ya shige kwantena guda. Kujerunsa biyu ne, gaba da baya, abin da mai ɗaukar hoto zai so: uba a baya, ɗa a gaba. Amma da yake masu tayar da shi suna neman kayan gyara, ko matacce yana da tsada. Yayansa L-29 Delfin, na 1959, ya fi araha, ƙarfe ne mai jure wahala, kuma yana da labarin da malamin tarihi zai ba ɗalibai, tunda sojan tarayya sun yi amfani da shi tare da MiG-17 a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Akwai kuma Fouga Magister na Faransa mai wutsiya kamar harafin V, wanda Kamaru da Togo da Senegal suka yi aiki da shi. Littattafan gyaransa da Faransanci suke, abin da zai sauƙaƙa wa ma'aikatanmu fiye da na Rashanci ko Cek. In ni zan zaɓa da kuɗina, L-29 ko Fouga zan fara dubawa, in bar MiG ga wanda gwamnati ce da kanta za ta ba shi.

Wasu za su ce ai gara jirgin dakon soja, irin su An-26 ko Transall, wanda mutum 30 za su shiga su zauna su ci abinci. Dabarar ta yi aiki a wasu wurare: a Kosta Rika an sayi wani C-123 da ke da alaƙa da badaƙalar Iran-Contra a kan dalar Amurka 3,000 a shekarar 2000, aka yanka shi aka kai bakin teku, ya zama gidan abincin El Avión. Amma a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, cikin irin wannan gwangwani ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfi, ga halin da wutar lantarki ke ciki. Faɗinsa ya fi ƙarfin kwantena, rumfar da za ta rufe fukafukai masu mita 30 ko 40 kuma gini ne mai zaman kansa. Yana da ma'ana ne kawai in jirgin yana nan cikin ƙasa, a ajiye a wani filin jirgi, an yanke ƙauna da shi.

Wannan ya kawo mu inda za a samo. Kafin a tura ko sisi Turai, a fara ƙwanƙwasa ƙofar gida. Rundunonin sama da yawa kan ba da tsofaffin jirage aro ko kyauta ga birane da makarantu, jirgin yana nan a matsayin nasu, mai karɓa yana kula da shi. Haka ake samun waɗanda ke kafe a ƙofar barikoki. Ɗan kasuwa shi kaɗai da wuya a saurare shi, amma in wasiƙar ta fito ta hannun magajin gari ko gwamna, da Jami'ar André Salifou ko gidan tarihi a ciki, magana ta sauya. In kuwa sai daga waje, kada a yi cinikin biri a sama. Hotunan talla kan yi shekaru kafin a sa su, kuma ƴan damfara sun iya sayar da jirgin da ke gidan tarihin wani. A tura mutum ya gani da ido, ya karanta lambar da ke jikin farantin masana'anta, ya gwada ta da takardar da ke nuna sojoji sun sallame shi kuma an kwance masa makamai. Kada kuɗi ya fita sai izinin fitarwa na can da izinin shigowa na nan sun zo hannu, a rubuta haka a cikin yarjejeniya.

A nemi kuma shaidar an tsabtace shi, don tsohon jirgi yana ɓoye abubuwan da ke kisa. Albarushin kujera da na murfin gilashi na iya tashi bayan shekaru. Akwai tulunan iska da na mai da ke riƙe matsi, akwai ragowar kananzir a tankuna wanda tartsatsin walda ɗaya ya ishe shi. Agogunan gaban matuƙi na tsofaffin jirage, musamman na Sobiyet, wasu an shafa musu fenti mai radiyom don su yi haske da dare. In gilashin ya fashe, ƙurar tana da illa ga mai shaƙa, mu da muka san labarin ƙurar yuraniyom ta Arlit ba sai an yi mana wa'azi ba. Kusa da injin ana samun asbestos. Duk waɗannan a cire su can, kafin a ɗora.

Hanya biyu ce. Tunda iyakar Gaya da Malanbil ta rufe a 2023, kaya na bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja zuwa Yamai, sannan kilomita 900 ko kusa a kan hanyar ƙasa mai lamba 1 zuwa Zinder. Ta Legas da Kano ta fi gajarta, amma kowace ƙasar da kayan zai ratsa tana da ikon neman nata izinin, kuma jami'in duwan da ya buɗe kwantena ya ga hancin jirgin yaƙi ba zai ce a wuce don an nuna masa rasit ba. Kuɗin zaman kwantena a tashar ruwa kullum ƙaruwa yake. A lissafa dako da duwan da motar ɗaga kaya a matsayin abin da zai iya kamo kuɗin jirgin kansa, ko ya wuce.

Gyaran kansa, yawancinsa hannun gida zai iya, in an ja wa masu aiki kunne a kan abu kaɗan. Fatar jirgi alminiyom ce siririya da aka ɗinke da ƙusoshin rifit, ba bodin mota ba ce. Ba a yi mata walda, ba a sa mata injin gurza, ba a goge ta da burushin ƙarfe, don ɓurɓushin ƙarfen na maƙalewa ya haifar da tsatsa. Sabulun soda kuwa cin alminiyom yake, kada ya kusance ta. Inda ka ga farin gari kamar toka, ko fenti ya kumbura a gefen rifit, nan ne cutar take; a kankare a hankali, a shafa fentin share fage na alminiyom, sannan a yi na sama. Masu fentin mota na gari za su iya wannan sarai. Tambarin wata runduna kuma kada a zana shi sai da izini.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba a nan, ba ruwa ba. Tana tsattsaga murfin gilashin matuƙi, wanda roba ce mai tsada da wuyar samu, tana cin fenti, tana fasa tayoyi. Don haka rumfa mai tsawo ta riga jirgin isowa, a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe don tayoyi su huta, a ɗaure shi da dakali, saboda iskar da ke gaban hadarin farkon damina tana iya ɗaga abin da aka ƙera musamman don iska ta ɗaga shi. A toshe bakin injin da bututun baya da raga, in ba haka ba tattabaru da jemagu da zuma za su tare, kashinsu kuma yana cin ƙarfe. Amma a bar ƴan ramukan ƙasa a buɗe don ruwan da ya shiga ya fita. Lokacin hunturu a wanke ƙura da ruwa kafin a sa tsumma. Sai maigadi na dare, wanda ba a wasa da shi, don masu zuba tukwane na sayen alminiyom da kilo, kuma murfin da aka ɓalle yau gobe ya zama ludayi.

Ga lissafin misali, kowa ya sa nasa adadin. In shiga sefa 200 ne, mutum 500 suka zo a mako, an samu jaka 100 ke nan, a shekara miliyan 5 da dubu 200. Ranakun Sallah biyu da ziyarar makarantu da hoton angwaye za su ƙara wani abu. Daga ciki za a fitar da albashin maigadi da mai karɓar kuɗi, da ajiyar fenti na bayan ƴan shekaru. Wannan kuɗi yana iya riƙe jirgin kallo har a ga canji, amma ba zai sayi man da L-39 zai sha a awa 20 na tashi da kuɗin makanikensa ba. Wanda lissafinsa bai kai ko na kallon ba, akwai masu sayar da sashen gaba kaɗai, daga hanci zuwa bayan kujera, wanda ke shiga kwantena mai ƙafa 20, ya zauna a cikin ɗaki, yara su hau tsani su zauna a kujerar matuƙi. Shi ma a nemi takardar kwance makamai da ta cire albarushin kujera kafin a biya.